SABABBIN DABARUN GINA SHAFUKAN INTANET DA BUKATUN HAUSAWA MAZAUNA KURMI

Tun kafin gari ya waye manyan motoci ke fara shiga Fatakwal ɗauke da albasar Aliero, da tumatirin Kadawa, da shanun Fataskum. Kafin a sauke buhun farko, dillali ya riga ya ciro wayarsa daga aljihu, domin a cikinta zai ga ko kuɗin cinikin jiya sun shiga, a cikinta kuma zai ji farashin da aka tashi da shi a gida da halin da hanya take ciki. Sau da yawa sai ya taɓa gilashin wayar ya yi ta jira, shafi fari fat, wata 'yar da'ira tana ta juyawa. In Allah ya sa shafin ya buɗe, wani lokaci sai ya tarar da waɗansu 'yan akwatuna a wuraren da ya kamata a ga ƙ da ɗ da ɓ.

Galibin mutane kan ɗora laifin wannan a kan kamfanin waya, ko kuwa su ce wayar ce ta tsufa. Akwai gaskiya a ciki, amma wani babban kaso na laifin yana wuyan wanda ya gina shafin. Sana'ar gina fuskar shafi, watau ɓangaren da mai karatu ke gani yana taɓawa da yatsa, ta sami sauye-sauye masu yawa a 'yan shekarun nan, kuma mafi amfani daga cikinsu an ƙirƙiro su ne saboda mutum irin wannan dillali, mai ƙaramar waya, mai ƙirga kuɗin data, mai karatu da harshen da ba Turanci ba.

TSOHON ZAMA

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na yau ba ne. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwaye daga Arewa suka sauka a Elele, a cikin Jihar Ribas ta yanzu. A 1912 Turawa suka kafa Fatakwal domin ta zama tashar jiragen ruwa da za a riƙa fitar da gawayin Inugu, jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu a 1916, da aka gama gadar Makurɗi kuwa a 1932 sai hanyar dogo ta miƙe har Arewa ba yankewa. Fatake da mahauta da masu shanu suka biyo ta. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato wanda fataucin shanu ya kai shi can, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa wannan zama, amma bayan an yi sulhu jama'a suka koma.

Yau ana samun Hausawa a kasuwannin Mile 1 da Mile 3 na Diobu, da kasuwar kayan lambu ta Fruit Garden, da kasuwar Oil Mill mai ci ran Laraba, duk a Fatakwal. A Anaca suna Ose da bakin gadar Kwara, a Inugu kuma suna Ogbete da Gariki. Dukkansu ƙafa ɗaya tana Kurmi, ɗaya tana gida. A da wasiƙa da waya ta gidan waya da saƙon direba su ne ke haɗa su da iyali. Daga 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya, sai aikin ya koma aljihu. Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi na sabuwar Naira kuwa, watau watannin Janairu zuwa Maris na 2023 bayan an sauya fasalin manyan takardun kuɗi, har mai sayar da goro a faranti sai da ya koyi karɓar kuɗi ta waya.

GINSHIƘAI UKU

Kowane shafi na intanet yana da ɓangare biyu. Akwai na baya, wanda ke zaune a cikin wata babbar kwamfuta mai ajiya da ake kira saba, wadda ƙila tana Ikko ko Landan ko Amurka. Akwai kuma fuska, wadda ake aiko wa wayar mai karatu, manhajar buɗe shafi irin su Chrome ko Opera ta karɓa ta shimfiɗa ta a kan gilashi. Da harsunan kwamfuta uku ake gina wannan fuska.

Na farko shi ne HTML, wanda Tim Berners-Lee, wani Bature ɗan Ingila, ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, inda aka buɗe shafin farko ga jama'a a 1991. Shi ne ginin kansa, shi ke cewa wannan kanun labari ne, wannan hoto ne, wannan gurbin rubuta lambar asusu ne. Na biyu shi ne CSS, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa ta farko a 1996, aikinsa kuwa shafe da ado, watau launi da girman rubutu da inda kowane abu zai zauna. Na uku shi ne JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a 1995, shi ne mai sa shafi ya motsa, ya amsa in an taɓa shi, ya yi lissafi.

Da farko don kwamfutar tebur ake gina shafuka, saboda haka in aka buɗe su a waya sai rubutu ya zama kamar sahun tururuwa. A 2010 wani magini mai suna Ethan Marcotte ya bayyana dabarar da ake bi har yau, ta gina shafi guda wanda zai riƙa daidaita kansa da faɗin kowane gilashi. A 2017 manyan manhajojin buɗe shafi suka karɓi tsarin Grid, mai raba shafi gida-gida kamar fuloti. Daga 2022 zuwa 2023 kuma suka karɓi wata dabara wadda ke ba kowane yanki na shafi damar auna gurbin da aka sa shi ya gyara zamansa da kansa. Abubuwa da yawa da a da sai an rubuta musu dogon JavaScript, yanzu layi kaɗan na CSS ya wadatar.

NAUYIN KAYA

Wannan magana ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin babbar cutar shafukan zamani ita ce nauyi. A 2013 kamfanin Facebook ya fitar da React, wani tarin kayan aiki na JavaScript mai sauƙaƙa wa magina aiki. Vue ya biyo baya a 2014. Magina suka rungume su hannu bibbiyu, har aka wayi gari shafin da ba kome a cikinsa sai labari da hoto guda ana aiko shi kusan fanko, tare da tulin umarni, a bar wa wayar mai karatu aikin harhaɗa shi. Mai babbar waya a ofis mai intanet na kyauta ba zai lura ba. Mai ƙaramar Itel ko Tecno kuwa sai wayarsa ta sauke umarnin duka, ta karanta, ta aiwatar, kafin ya ga ko kalma ɗaya.

Ƙididdigar HTTP Archive, wadda ke auna miliyoyin shafuka, ta nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura megabait 2. Lissafin a bayyane yake. Wanda ya sayi data ta gigabait 1 zai buɗe irin wannan shafi kamar sau 500 ne, alhali da an rage nauyin zuwa rabin megabait da ya buɗe sau 2,000 da kuɗin nan guda. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Saboda haka duk wani abu marar amfani da magini ya cusa a shafi, daga aljihun mai karatu ake biyansa. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin mota daga Kano zuwa Fatakwal ya san ba a loda duwatsu a cikin buhun albasa.

Sababbin dabarun sun juya ne wajen rage wannan lodi. Svelte, wanda Rich Harris ya fitar a 2016, yana gama yawancin aikin tun a wurin magini, sai ɗan abin da ya rage a aiko wa waya. Astro, wanda cikakken zubinsa na farko ya fito a 2022, yana aiko da shafi a matsayin rubutu tsantsa, sai 'yan wuraren da ke bukatar motsi kaɗai ake haɗa wa JavaScript. Shi kansa React ya bi sahu, domin zubi na 19 da ya fito a Disamba 2024 ya tabbatar da hanyar harhaɗa sassan shafi a kan saba kafin a aiko su. Shafukan harsuna na BBC, har da na Sashen Hausa, an mai da su wajen 2020 kan wani tsari mai suna Simorgh, wanda ke harhaɗa shafi a can ya aiko shi a shirye.

Hotuna su ne suka fi kome nauyi a yawancin shafuka, su ma an sami maganinsu. Akwai tsarin matse hoto na WebP, wanda Google ya fitar a 2010, da na AVIF na 2019, dukkansu suna rage nauyi ƙwarai ba tare da ido ya ga bambanci ba. Magini yana iya ajiye hoto guda a girma uku ko huɗu, waya ta zaɓi daidai da gilashinta. Tun 2019 kuma kalma ɗaya tak a cikin HTML ta isa ta hana a sauke hoton da ke can ƙasan shafi sai mai karatu ya gangaro kusa da shi.

A 2020 Google ya kafa ma'auni na gane shafi mai lafiya. Ya kamata babban abin da ke cikin shafi ya bayyana kafin sakan 2 da rabi. Ya kamata shafi ya amsa taɓawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan, ma'aunin da aka sabunta a watan Maris 2024. Na uku kuwa shi ne kada shafi ya riƙa zillo yayin da yake buɗewa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai tura kuɗi. Ya kai yatsa zai taɓa wuri, sai wani talla ya faɗo daga sama ya tura kome ƙasa, yatsan ya sauka a inda bai nufa ba. Maganinsa shi ne magini ya keɓe wa kowane hoto da talla gurbinsa tun kafin su iso.

IN HANYA TA YANKE

Ran 14 ga watan Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, harkar bankuna ta tsaya cik a wurare da dama. Ko ba irin wannan babban hatsari ba, direban da ya taso daga Lakwaja ko Makurɗi ya nufi Kurmi ya san wuraren da waya ke ɗaukewa. Gaskiya ne Fatakwal tana cikin biranen farko da kamfanin MTN ya kai wa tsarin 5G a 2022, amma wayoyin da ke iya kama shi sun fi ƙarfin yawancin 'yan tireda.

Akwai dabarar da aka yi domin irin wannan hali. Tun 2015 manhajar Chrome ta fara ba shafi damar ajiye wani ɗan ma'aikaci a cikin waya, wanda ke adana abin da aka riga aka sauke. In sabis ya ɗauke, shafin zai buɗe duk da haka, ya nuna abin da ya adana. Wayoyin Apple sun karɓi wannan a 2018. Irin wannan shafi ana iya manna shi a fuskar waya kamar manhaja, ba sai an sauke wani ƙaton abu mai cinye wuri ba. Kamfanin ciniki na Konga a nan Nijeriya yana cikin waɗanda suka fara gwada shi a 2016, kuma ya ba da rahoton cewa datar da ake ci wajen buɗewar farko ta ragu da kashi 92 cikin 100. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta gina jerin farashi ko rajistar mambobinta ta wannan hanya, mutanenta za su iya dubawa ko suna tsakiyar daji.

HARUFFA MASU LANƘWASA

Sauri kaɗai bai isa ba in rubutun ya zo a gurgunce. A shekarun 1930 ne aka tsai da haruffan nan masu lanƙwasa a rubutun boko, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabancin ofishin talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta yaɗa su ko'ina. Keken rubutu na Turawa ba shi da su, shi ya sa akawuna suka daɗe suna ƙara lanƙwasar da alƙalami. Amfaninsu kuwa ba a ɓoye yake ba. Ƙasa dabam, kasa dabam, haka baƙi da baki. In aka aiko wa ɗan kasuwa saƙo cewa yaronsa “ya bata kaya”, sai ya buga waya ya tambaya, shin kayan ya lalata, ko kuwa wata mata ya miƙa wa?

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, na Hausa ma suna ciki, har da alamar Naira. Yau fiye da kashi 95 cikin 100 na shafukan duniya suna amfani da hanyar rubuta waɗannan lambobi da ake kira UTF-8. To, me ya sa har yanzu ake ganin akwatuna? Dalili shi ne lamba dabam, zanen harafi dabam. Magini yakan zaɓi wani zubin haruffa mai kyan gani wanda aka zana don Turanci, babu ƙ a cikinsa. In waya ta zo kan harafin sai ta aro shi daga wani zubi, ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, in kuma ba ta samu ba ta sa akwati.

Akwai wani tarko a nan wanda ya kamata kowane magini ya sani. A jadawalin Unicode, manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ da ƙaramin ƙ suna rukuni guda, amma ƙananan ɓ da ɗ suna wani rukuni dabam, tare da alamomin masana furuci. Magina kan datse zubin haruffa domin rage nauyi, kuma wannan rukuni na biyu yana cikin abin da aka fi yarwa. Shi ya sa akan ga shafi ƙ ta fito daidai amma ɗ ta karkace. Maganin ba wuya: a zaɓi zubin da ke da haruffan duka, kamar Noto na Google ko Andika da Charis na ƙungiyar SIL, in za a datse a bar na Hausa, ko kuma a bar waya ta yi amfani da zubin da ta zo da shi, wanda ba ya cin data ko kaɗan.

Haka nan akwai 'y, wadda a Nijeriya ake rubutawa da waƙafin sama, a Jamhuriyar Nijar kuwa da harafi guda, ƴ. Ya kamata gurbin bincike na shafi ya gane cewa 'ya'ya da ƴaƴa kalma ɗaya ce, kuma wanda ya rubuta kudi saboda allon wayarsa ba shi da ɗ a nuna masa kuɗi. Wajibi ne kuma a sa alamar ha a saman HTML, wadda ke shaida wa waya da injin bincike da manhajar da ke karanta wa makafi cewa wannan shafi Hausa ne.

Da yawa daga cikin fataken Kurmi makarantar allo suka yi, ajami ya fi musu sauƙi a kan boko. Su ma sababbin dabaru ba su bar su a baya ba. HTML yana da alamar da ke juya rubutu ya fara daga dama, CSS na yanzu kuma yana auna gefe da mafari da ƙarshe maimakon hagu da dama, saboda haka shafi guda zai iya ɗaukar boko da ajami ba tare da an sāke gini ba. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa irin rubutun hannun Kano, kuma kyauta ne ga mai so.

SAURAN AIKI

Ƙa'idojin sauƙaƙa shafi ga kowa, waɗanda aka sabunta a Oktoba 2023, sun yi magana a kan girman wurin taɓawa da bambancin launin rubutu da na bango. Rubutu ruwan toka a kan fari yana da kyau a ofis mai labule, amma ba ya karantuwa da tsakar rana a Mile 3. Tun daga 2021 kuma an sami manhajoji masu rubuta wa magini umarni da kansu in ya faɗa musu abin da yake so. Suna da sauri, sai dai galibin abin da suka koya daga shafukan Turanci ne, don haka in magini bai ambaci ɗ da ajami da ƙaramar waya ba, da wuya su tuna masa.

Kayan aikin nan kusan duka kyauta ne, abin da ya yi ƙaranci shi ne maginan da suka san mutanen da za su yi wa aiki. Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk suna da sashen kwamfuta da na harsunan Nijeriya a harabar guda, kuma babu abin da zai hana su haɗa ɗalibansu a kan aiki ɗaya. Shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha, ya kamata ya sa rubutun harsunan gida a cikin darussansa. 'Ya'yan Hausawan da aka haifa a Fatakwal da Anaca da Inugu kuwa suna da wata baiwa ta musamman, domin da yawansu sun tashi da Hausa da Ibo da Turancin Buroka a baki guda, sun kuma san kasuwa tun suna ƙanana.

Bankuna da ma'aikatu da gidajen jaridu da ke ba da kwangilar gina shafi, su ma akwai abin da ya rataya a wuyansu. Kafin su biya ɗan kwangila, sai su karɓi shafin su buɗe shi a ƙaramar waya mai araha, da datar da aka saya da kuɗi, a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, su rubuta ƙ da ɗ da ɓ a cikin kowane gurbi su gani. In ya buɗe kafin dillali ya gaji da jira, haruffan kuma suka fito yadda Malam Abubakar Imam ya san su, to aiki ya yi, a biya shi haƙƙinsa. In bai buɗe ba, a mayar masa ya gyara.